Raƙuman Laka na Raihanatu

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan la'asar

Wannan ragowar kayen rubutun wani ɗan ajina ne, shafi kaɗan ya ci ya bar lekol. Tunda ba ni da wanda zan faɗa wa, bari in faɗa wa takarda.

Raihanatu, ɗiyar ƙanwata Bushira, tana wurina a nan Azarori tun ƙarshen kaka. Ubanta Usman ne ya kawo ta daga Ispaniya, inda aka haife ta, ya ce ta zauna har jikin uwarta ya yi sauƙi, ya koma da sauri saboda asibiti. Shekararta bakwai. Hausarta ta Bushira ce sak, har yadda take jan "to" ɗinta, sai dai in kalma ta ƙare mata ta cike da yaren can, ta bar ni da baki buɗe.

Ranar Talata Usman ya yi waya. Da ya gama faɗin abin da zai faɗa, ya ce, "Jaratu, don Allah kak ki gaya mata. Bari in zaka in gaya mata da bakina." Na ce to. Yaushe zai zo, shi ma bai sani ba. Akwai wata maganar takardu da ban gane kanta ba.

An yi zaman a Bangi, gidan Inna. Na je na dawo, na ce wa yarinya taron malamai ne.

Ban faɗa mata ba.

Talata, 10 ga Disamba, da azahar

Na dawo daga lekol na tarar da ita gindin dogon yaro, hannu dumu-dumu da laka. Wajen masu bulo ta roƙo ta. Kafin in buɗe baki da faɗa ta riga ni.

"Tanti, Disamba ta kama, ba mu yi belen ba."

Sai da na zauna kan turmi ta yi mini karatu. Wai a can, in Nowel, wato Kirsimeti, ta matso, kowane gida sai an gina ɗan ƙaramin gari a kan tebur. Da tsaunuka, da kogi na takarda mai ƙyalli, da makiyaya, da mai wanki, da mai gasa burodi, da rumfar dabbobin da suka ce a ciki aka haifi Annabi Isa. Sunan garin ke nan, belen. Sa'an nan akwai sarakuna uku bisa raƙuma, masu zuwa gaishe da jinjiri. Su ba a sa su cikin gari. Can nesa ake ajiye su, ƙarshen ɗaki, kullum da safe a matsa su kaɗan, har su iso ranar shida ga Janairu. Ran nan yara ke samun kyauta.

"Mama ka matsa su," in ji ta. "Bana ni za ni yi."

Ta riga ta gina raƙuman, masu ƙafafu kamar na kujera ƴar tsugunno. Ta jera su a ƙofar zaure, fuskarsu na kallon dogon yaro.

"Baba na bisa na ukku. In sun iso shina zakkuwa da Mama."

Ba wanda ya gaya mata haka. Ita ta yanke wa kanta. Na tashi na ce tukunya na ƙonewa, alhali ban ɗora komai ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, da safe

Raƙuma sun bar ƙofar zaure. Ta ɗan taɓa koko.

Asabar, 14 ga Disamba, da yamma

Inna ta zo daga Bangi da ƙunshinta, ta ce ba ta iya zama can ita kaɗai da bango. Ta rame. Yanar idonta ta ƙaru, sai ta kusa taka abu take ganinsa. Tun a zaure na ja ta gefe na maimaita mata roƙon Usman. Ta dube ni, ta ce, "Ku na masu boko. Ni dai bakina shiru."

Tana shiga ta yi tuntuɓe da raƙumi na biyu.

"Mi kike yi nan, ƙawata? Gumaka a gidan salla?"

Na zaci rigima za a yi. Amma da Raihanatu ta yi mata bayani, Inna ta zauna ta miƙe ƙafa ta yanke hukunci kamar alƙali. Raƙuma da tumaki, wasan yara ne, kowa ya yi su da ƙuruciya. Mutane, kada a yi musu fuska. Annabi Isa da uwarsa Nana Maryamu kuwa ba a taɓa su da laka, a bar wurinsu haka nan. Kuma ba rumfar dabbobi ba ce, gindin dabino ne, a gyara.

Raihanatu ta ce ba komai, ko a can ma wurin jinjiri wayam yake zama har daren Nowel.

Inna ta duba garin da kyau, hanci kusa da ƙasa. "Wane irin gari na wanga babu rumbu? Mi za su ci?" Ta nannaɗe hannun riga. Matar da ta kwana bakwai ba ta yi magana mai tsawo ba, ga ta tana murza laka tana gina rumbu mai ƙaton ciki irin namu, har da ƴar hular kara.

Yarinyar ta ce saura mutum ɗaya. Wai ana ɓoye wani a bayan gida, tsugune, wando a gwiwa, yana biyan buƙatarsa, yara su yi ta nemansa. Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce, "To, wanga dai gaskiya ta. Kowane gari akwai shi."

Rabon da in ji dariya a gidan nan na manta. Ta yi mini daɗi, ta kuma yi mini ciwo.

Litinin, 16 ga Disamba, da asuba

Na yi mafarki na ƙanƙance na shiga garin. Laka ba ta bushe ba, tana manne mini a ƙafa. Kogin takardar shayi yana gudu da gaske, har da ƙararsa. A bakinsa akwai mai wanki ta ba ni baya, ɗaurin kallabinta na gefen hagu, yadda mutum ɗaya tak ke ɗaurawa a gidanmu. Na yi ta kiranta, tana ta wanki. Sama duk fitilu ne ƙanana a rataye, irin waɗanda Raihanatu ta ce ana shimfiɗa wa titunansu daga wannan bene zuwa wancan. Ban ji tsoro ba. So nake kawai ta juyo.

Kiran salla ne ya fito da ni.

Laraba, 18 ga Disamba, da hantsi

Ba lekol yau. Rahila maƙwabciyata ta leƙo aron rariya, ta ga Inna, ta durƙusa. "Inna, ina haƙuri? Allah shi jiƙan..." Na yi mata ido, ta haɗiye sauran.

Raihanatu na wurin. Bayan Rahila ta fita ta ce, "Tanti, haƙurin mi?"

Na ce haƙurin sanyi.

Raƙuma sun kai wajen randa. Da ta shiga wanka, na duƙa kamar mai gyaran takalmi na mayar da su baya taki ɗaya. Ni malama ce, ni ke koya wa yara kwanakin wata. Na san abin da na yi ba shi da kai. Na yi dai.

Juma'a, 20 ga Disamba, bayan la'asar

An ba mu hutu. Sanyi ya sauko sosai, kuma yarinyar da aka haifa ƙasar Turawa ita ta fi kowa rawar ɗari, wai can ɗakunansu ba sa shan iska. Inna ta sa aka kawo mata gawayi daga maƙera. Kullum kafin gari ya waye takan lallaɓo ta zuba shi a kaskon da ke bakin ƙofarmu, ni kuma in na idar da salla in hura.

Yau muna jin ɗumi Raihanatu ta ba mu labarin ubanta. Ranar jajiberin zuwan sarakuna, a kowane gari ana yi musu jerin gwano, da kaɗe-kaɗe, suna watsa wa yara alawa, mutane na tarewa da lema a kife. Ɗaya daga cikin sarakunan baƙar fata ne, Baltasar. Wata shekara a ɗan garinsu aka yi hayar raƙuma na gaske, aka rasa mai iya zama bisansu, sai aka tuna da Usman mai aikin tumatir. Usman da ya tashi cikin dabbobi a Tabotaki. Aka sa masa alkyabba da rawanin zinariya.

"Kowa na cewa sarki na, sarki na. Ni na gane shi. Ƙahwa tai na bisa wuyan raƙumi, babu takalmi. Mama tac ce in yi shiru."

Ta ce da dare yara kan ajiye takalmansu a bakin ƙofa, da ruwa da ciyawa don raƙuma. Da safe yaron kirki ya tarar da kyauta. Wanda ya yi laifi kuwa gawayi ake zuba masa.

Inna ta riƙe haɓa. "Gawayi? Da ɗarin ga? Wanga ai gata na. Su ba ni nawa." Muka yi dariya ni da ita. Sai daga baya na tuna yarinyar ba ta yi ba.

Lahadi, 22 ga Disamba, da safe

Ta matsa su. Na mayar.

Ban faɗa mata ba.

Laraba, 25 ga Disamba, da hantsi

Jiya ne babban darensu. Wai dangi duka kan taru a ci abinci har a kasa tashi, da kifi, da rago, da wata alawa mai tauri da ake kira turon, a yi ta waƙoƙi ana kaɗa tulu mai fata da kara a tsakiya. Su Bushira ba sa yin bikin, amma tsohuwar da ke ƙasan benensu takan aiko musu da faranti, Bushira kuma ta rama mata da naman layya. A gidan tsohuwar nan Raihanatu ta koyi belen, har ta matsa wa uwarta suka yi nasu.

Na yanka zakara. Na yi kantun gujiya na ce ga turon ɗin Azarori. Ta ɗanɗana ta ce ya fi nasu danƙo, ta cinye biyu. Na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Bayan magariba ta tsaya gaban garin, ta ce yanzu ne ake sa jinjiri. Ta dubi Inna. Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro dabino guda, ta ajiye gindin bishiyar da muka yi da kaba. "Ga abincin mai jego. Ya isa."

Raihanatu ta shiga ɗaki ta buɗe jakarta, ta fito da wani kallabi shuɗi mai ɗigon fari. Na san shi. Ni na saya a kasuwar Madawa, na aika wa Bushira da shi shekarar da ta haifi yarinyar. Ta ninke shi ƙanƙane ta shimfiɗa kusa da dabinon, wurin da aka bari don uwa.

Inna ba ta gani sosai, amma hancinta lafiya lau. Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba.

Asabar, 28 ga Disamba, da azahar

Na je har bakin rijiya na dawo, mata na ta dariya a bayana. Ashe ɗan mutum na takarda ta yanka ta manna mini a hijabi. Wai yau ce ranar da suke zolayar juna a can, kowa ya shirga wa ɗan'uwansa ƙarya, in ya yarda a yi masa dariya.

"Tanti, saura ke. Yi min ƙarya."

Na ce ban iya ba.

Da safen nan na ce mata Mamanta na gaishe ta.

Lahadi, 29 ga Disamba, bayan la'asar

Inna ta kama ni. Ina duƙe da raƙumi a hannu sai na ji ta a kaina.

"Jaratu, aje shi inda kig gane shi."

Na ce gyara shi nake.

"Ni ban gani, amma ina jin sawunki kullum. Wata kike son ki tsaida? Ni na haihi autata, ni ar rasa ta, kuma kun hana ni kuka cikin gidan ɗiyata. Ina shiga makewayi in yi shi kamar ɓarauniya. Har yaushe?"

Na ce alkawari na yi wa Usman. Ta ce Usman na can, yarinya na nan.

Na yi fushi da ita, na yi fushi da Usman, na yi fushi har da raƙuman. Na fi fushi da wadda ta tafi ƙasar mutane ta bar mini wannan aiki.

Talata, 31 ga Disamba, da yamma

Yau kuma inabi. Wai in shekara za ta ƙare, ƙasar duka kan tsaya gaban agogo ɗaya, kowa da ƴaƴan inabi goma sha biyu. Kowane bugun agogo a haɗiye ɗaya, kowane ɗaya wata guda ne na alheri. Ƙarfe sha biyun dare ake yi. Inna ta ce ita ba mayya ba ce, a yi da rana, sha biyu duk sha biyu ce.

Inabi a Azarori sai a hoto. Magarya muka samu. Inna ta ɗauki muciya tana bugun tasa, mu kuma muna cusawa. Ba wanda ya tuna magarya na da ƙwallo. Kafin bugu na biyar kumatuna sun cika, Inna kuma ta ɓata lissafi tana ta bugu ba ƙaƙƙautawa, Raihanatu ta faɗi ƙasa don dariya.

Da muka natsu na ga ta rage guda a tafin hannu. Ta kai ta ajiye kan kallabin.

Rana ta yi laushi, garin laka ya yi ja, inuwar rumbun Inna ta kai har bakin kogi. Na daɗe ina kallo. Na ga kamar hayaƙi na tashi daga gidajen.

Alhamis, 2 ga Janairu, da azahar

Usman ya kira. Ba wannan watan ba. Wataƙila bayan azumi. Muryarsa kamar ta tsoho. Ya ce in ƙara haƙuri, in ƙara rufewa. Ya yi magana da ita da yaren can, ta yi ta cewa to, to. Ba ta tambaye shi Mama ba. Yau na lura ta daina tambaya tun tuni.

Raƙuma sun wuce murhu. Na bar taɓa su.

Lahadi, 5 ga Janairu, bayan magariba

Ta wanke takalmanta, ta goge su da bakin zane. Ta janye kaskon wuta gefe ta jera su a wurinsa, daidai bakin ƙofa, don kada sarakuna su yi ta nema. Ta cika ƙwarya da ruwa, ta roƙo harawa wajen Rahila.

Na sayo mata ƴan kunne da alawa, suna ƙarƙashin matashina. Da asuba zan sa mata. Abin da zan ce in ta tambayi sauran, ban sani ba.

Saura taki ɗaya.

Litinin, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Ban je lekol ba.

Mafarkin nan ne ya riƙe ni. Mai wankin ta kusa juyowa, har na ga gefen kuncinta, na ƙi farkawa. Da na buɗe ido gari ya yi haske, shimfiɗar yarinya ba kowa.

Inna ta riga ni. Ta lallaɓo cikin duhun asuba kamar kullum, ta zuba gawayinta inda kasko yake zama.

Na tarar da Raihanatu zaune a bakin ƙofa, takalma a cinya, cike da gawayi har baki. Ba ta kuka. Da ma kuka take, da na san abin yi. Na ruga na ɗauko ƴan kunnen ina cewa kuskure ne, Kaka ce, ba ta gani, ga naki nan. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Na sani, Tanti. Daidai na."

Na ce mi ad daidai?

"Ran da za mu taho, Baba ya kai ni likita in yi ma Mama sallama. Tac ce in zaka ta rungume ni. Ɗakin na wari, an sa mata roba ga hanci. Nig gudu waje. Tana kira na, ban koma ba." Ta shafa gawayin da yatsa. "Shi ya sa tak kore ni nan. Shi ya sa ba ta kira na ga waya. Ina ta yin kirki ko ta huce."

Wata guda ina tsammani rufe ta nake daga ciwo. Ashe na bar ta ita kaɗai da wanda ya fi shi.

Inna na tsaye da buta a hannu. Ta dube ni.

Na zauna a ƙasa. Na ɗauke takalman daga cinyarta na ɗora ta a tawa. Na ce Mamanki ba ta yi fushi da ke ba, ko na minti ɗaya. Na ce ran da kuka sauka ta kira ni, muryarta da ƙyar take fita, abin da ta ce kawai in riƙa rufe ki da bargo biyu don ke mai jin ɗari ce. Na ce ba ta kira ki ba don ba ta nan. Sai na faɗi kalmar.

Bari in rubuta ta nan ma, tunda ban taɓa ba. Bushira ta rasu. Ƙanwata ta rasu ranar Talata, uku ga Disamba, aka rufe ta can.

Ta yi kuka, irin wanda ke fitowa daga ciki. Inna ta yar da buta ta zo ta rungume mu duka, ta yi nata a fili, a tsakar gida, tana kiran autarta da suna. Rahila ta leƙo ta katanga ta koma. Ba wanda ya ce wa wani ya yi shiru.

Can da hantsi yarinyar ta tashi ta je gindin dogon yaro. Ta shigar da raƙuma biyu cikin gari ta durƙusar da su gaban dabino. Na ukun ta ɗauke shi ta kai ƙofar zaure ta ajiye, ta ce shi bai taso ba tukuna. Ta ɗauko kallabin ta miƙa wa Inna ta ɗaura mata. Inna ta ɗaura, ƙullin a gefen hagu.

Usman zai kira da yamma. Zan gaya masa na karya alkawari, ya yi duk faɗan da zai yi.

Sanyi bai sake mu ba har rana ta ɗaga. Raihanatu ce da kanta ta juye takalman cikin kasko, ni na hura, muka zauna mu uku muka miƙa hannuwa. Gawayin ƙirya ne mai kyau, ko hayaƙi bai yi ba. Ba mu sami abin da za mu ɗora wa laifin idanunmu ba.